Bindiga, Ƙuri'a da Zaɓen Mai Dama-dama: Abin da Tarihin Ƙasarmu Ya Nuna

 

Akwai maganganu biyu da suka yawaita a bakin jama'a a 'yan shekarun nan. Ta farko ita ce: tunda ɓarayin daji sun addabi kudancin jahar Maraɗi, me zai hana a bar kowane magidanci ya mallaki bindiga ya tsare gidansa da dabbobinsa? Ta biyu kuma: zaɓe bai taɓa ba mu na ƙwarai ba, kullum sai dai mu duba cikin miyagu biyu mu ɗauki mai dama-dama. Mutane na ɗaukar su tamkar maganganu daban-daban, mu kuwa muna ganin tushensu ɗaya ne. Duka biyun ciniki ne da ake ƙullawa cikin tsoro, kuma a duka biyun abin da talaka ke biya da shi 'yancinsa ne. Bari mu bi tarihi daki-daki mu ga yadda wannan ciniki ya riƙa kasancewa.

BINDIGA TUN ASALI TA MAI MULKI CE

Kakanninmu ba su zauna hannu sake ba. Manomi na da kwari da baka, makiyayi na da sanda da takobi, Buzu na da mashi da garkuwa, mahalbi na da 'yar bindigarsa ta toka. Amma bindigar yaƙi kayan fada ce. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya tara 'yan bindiga masu yawa, har maƙeransa suna zuba masa igwa, kuma da wannan ƙarfin ne ya faɗaɗa ƙasarsa. A Maraɗi da Tibirin Gobir ma, inda sarakunan Katsina da na Gobir suka sake kafa mulki bayan jihadi, doki da makamin yaƙi na hannun sarki da barade.

Turawa sun gane haka tun kafin su iso. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Burusel wadda ta taƙaita sayar ma 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ƙasarmu ke ciki. Shekara tara bayan nan, a 1899, rundunar Bule da Shanuwan ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙona garuruwa, daga Lugu ta Sarauniya Mangu zuwa Birnin Ƙonni, har ta kai yankin Tasawa. Masu kwari da baka ne suka tari masu bindigar zamani, sakamakon kuwa kowa ya san shi.

Da mulkin Faransa ya zauna, riƙe bindiga ya koma sai da takardar kwamanda. Ga aikin tilas, ga lanho, ga dokar da ta ba kwamanda damar ɗaure mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Sai a 1946 aka soke aikin tilas da waccan doka. Da yawa daga cikin garuruwan ƙasar Dakoro a wannan zamani aka sare su, lokacin da manoma suka riƙa hauro arewa suna neman sabuwar gona da nisa da idon hukuma. Hukumar kuma ta biyo sawunsu, aka kafa ofishin mulki a Dakoro a 1947. Kun ga ke nan, tun kafuwar garinmu muna tsakanin neman tsaro daga gwamnati da neman tsira daga gare ta.

ZAƁEN TSORO NA FARKO

Ranar 28 ga Satumba 1958 aka tambayi 'yan Nijar: za ku zauna cikin tarayya da Faransa, ko kuna son 'yancin kai nan take? Jibo Bakari, shugaban gwamnatin wannan lokaci kuma jagoran Sawaba, ya ce a kaɗa "a'a". Sawaba na da ƙarfi a Maraɗi, Tasawa da Damagaram, musamman a tsakanin 'yan kasuwa, direbobi da talakawan birni. Faransa ta turo sabon gwamna, Kolombani, aka jawo sarakuna, aka baza sojoji, aka riƙa gaya ma mutane cewa duk wanda ya ce "a'a" ya kira ma ƙasa yunwa da rikici. "I" ta ci da kusan kashi 78 cikin 100, amma mafi yawan waɗanda aka yi ma rajista ba su ma fita ba.

Ba kowa ya ce "i" don son Faransa ba. Da yawa sun ga ita ce mai dama-dama. Abin da ya biyo baya shi ne Jibo ya sauka, Jori Hamani ya hau a Disamba 1958, aka haramta Sawaba a 1959, ƙasa ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960 da jam'iyya ɗaya tilo, RDA.

Da aka toshe ma Sawaba hanyar ƙuri'a sai ta koma ga bindiga. A ƙarshen 1964 'yan kwamandonta, waɗanda suka samu horo a ƙasashe irin su Aljeriya, Sin da Gana, suka shigo ta kan iyakoki suna zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Ba a yi hakan ba. An kama mafi yawansu, an harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen kaso da mutanen da laifinsu kawai an taɓa ganinsu da 'yan Sawaba. A Afrilu 1965 aka jefa gurneti a filin Idi da nufin kashe Jori, ya tsira, matsi ya ƙaru. A zaɓen 1965 da na 1970 Jori shi kaɗai ne ɗan takara. Bindigar 'yan adawa ba ta dawo da 'yancin da aka rasa ba, sai ma ta ba gwamnati hujjar ƙwace ɗan abin da ya rage.

Ranar 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar fari da yunwar da suka cinye dabbobin arewacin Dakoro, soja suka kifar da Jori. Jama'a da dama sun yi murna, don Seyni Kunce ya fito da hatsin agaji ya raba. Har gobe dattawanmu na tuna zamaninsa da cewa ɓarawo na jin tsoro, ma'aikaci na zuwa aiki kan lokaci. Gaskiya ne. Haka kuma gaskiya ne cewa babu jam'iyya, babu majalisar da aka zaɓa, kuma mutum kan waiga hagu da dama kafin ya ambaci sunan shugaba. Shekara 13 aka yi a haka har rasuwarsa a Nuwamba 1987.

TODA DA TARON ƘASA

'Yancin da muka saba da shi daga baya, na kafa jam'iyya, na buɗe gidan rediyo, na fita zanga-zanga, ba kyauta aka ba mu ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe ma ɗalibai wuta a gadar Kenedi ta Yamai, uku suka mutu. A watan Mayu na wannan shekara aka yi kashe-kashen Cintabaradan. Matsin ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai ya sa Janar Ali Shaibu ya yarda da jam'iyyu barkatai, aka buɗe babban taron ƙasa ranar 29 ga Yuli 1991 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu.

Ana dab da rufe wannan taro, a ƙarshen Oktoba 1991, aka yi abin da jahar Maraɗi ba za ta manta ba. A Toda, cikin ƙasar Gidan Runji, rikicin manoma da makiyaya ya rikiɗe ya zama kisan gilla. An kashe Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara, wasu an ƙona su da ransu. Ku lura da wannan da kyau, jama'a: a lokacin bindigar yaƙi ba ta bazu a karkararmu ba. Fushi da jita-jita da rashin hukumar da za ta shiga tsakani da wuri su suka yi wannan aiki. To a ce kowane gida a ɓangarorin biyu na da bindiga mai cin harsashi talatin, ina lissafin zai tsaya?

Mu a Dakoro wannan tambaya ta shafe mu fiye da kowa. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma wannan iyaka ta bi ta ƙasarmu, wajen kwarin Tarka. Kudu gonaki, arewa makiyaya, amma gona ta daɗe da tsallake layin. Kowace shekara bisashe na haurawa da damina, su gangaro da kaka, ta cikin burtalan da ke ratsa hatsin mutane. Duk wanda ya tashi a nan ya san yadda ɓarnar kwana ɗaya kan koma gabar shekara goma. A Nuwamba 2016 ma, a Bangi ta ƙasar Madawa da ke maƙwabtaka da mu, irin wannan rikici ya ci rayuka kusan 20.

Abin da ya rage zubar da jini bayan Toda aiki ne na takarda da zaman sulhu. A Maris 1993 aka fitar da dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo. Aka riƙa kafa alamomin siminti a gefen burtali, ana sanar da ranar sakin gonaki, ana zaunar da maigari da arɗo da wakilin hukuma a kan tabarma ɗaya a ƙiyasta ɓarna. A Mayu 2010 aka ƙara da dokar kiwo. Tsarin na da rauni, akwai Kofo da ba ta da ko kuɗin man babur, akwai inda mai kuɗi ke sayen gaskiya. Duk da haka shi ne ya sa rigingimu da yawa suka mutu a ƙofar maigari ba su kai maƙabarta ba.

ZAGAYE NA BIYU: KASUWAR MAI DAMA-DAMA

Tsarin zaɓenmu na zagaye biyu kusan dole yake sa mutum ya zaɓi wanda ba shi ne zaɓinsa na farko ba. Wannan ba a Nijar kaɗai ake yinsa ba. A Faransa a 2002 masu adawa da Shirak sun toshe hanci sun kaɗa masa ƙuri'a don kada Lepen ya hau, ya ci da kashi 82. A Amurka, inda jam'iyyu biyu suka mamaye fage kuma kundin tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa damar riƙe makami tun 1791, akwai miliyoyin mutane da ke zaɓen ɗan takarar da ba su so saboda batun bindiga kaɗai, wasu don a tsaurara doka, wasu don kada a taɓa ta. Malamanmu na fiƙihu ma sun san ƙa'idar: idan cuta biyu suka haɗu, babu makawa sai ɗaya, a ɗauki mai sauƙi. Don haka zaɓen mai dama-dama ba abin kunya ba ne. Abin dubawa shi ne yadda muka riƙa yinsa.

A zagayen farko na 1993 Tanja Mamadu na MNSD-Nasara ne ya zo na ɗaya. Sauran jam'iyyu suka ce komi ya fi komawa hannun tsohuwar jam'iyyar soja, suka haɗu a ƙawancen AFC, Mahaman Usman na CDS-Rahama ya ci da kashi 54 a ƙarshen Maris. Abin da ya haɗa su ƙin mutum ɗaya ne, ba su zauna sun yarda da yadda za su yi mulki tare ba. A Satumba 1994 Mahamadu Isufu ya ajiye muƙamin firaminista, PNDS-Tarayya ta koma wajen MNSD ɗin da aka haɗu don a kayar. Bayan zaɓen majalisa na Janairu 1995 shugaban ƙasa da firaministansa Hama Amadu suka shekara suna ja-in-ja, har taron ministoci ya gagara. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya karɓe mulki, mutane suka sake cewa gara haka. A Yuli na wannan shekara ya rushe hukumar zaɓe ana cikin ƙidayar ƙuri'u, aka ce shi ya ci. Ranar 9 ga Afrilu 1999 masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai.

A 1999 Usman ya mara ma Tanja baya a kan Isufu, Tanja ya ci da kusan kashi 60, ya sake ci a 2004 da kashi 65. Shi Tanjan ne a 2009 ya rushe majalisar da Usman ke shugabanta, ya rushe kotun tsarin mulki ta Salifu Fatimata Bazai, ya shirya ƙuri'ar Tazarce ta 4 ga Agusta. Soja suka ɗauke shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. A 2011 Hama Amadu ya mara ma Isufu baya a kan Seyni Umaru, Isufu ya ci da kashi 58. Kafin 2013 ta ƙare sun ɓata. A zaɓen 2016 Hama daga gidan kason Filinge ya yi takara, 'yan adawa suka ƙaurace ma zagaye na biyu, Isufu ya tashi da kashi 92. A zaɓen 2020 zuwa 2021 kotu ta hana Hama tsayawa, magoya bayansa suka rungumi Mahaman Usman, shi kuma Seyni Umaru ya bi Bazum Mohamed, wanda ya ci da kashi 55 da 'yan kai. Bayan sanar da sakamako aka yi tarzoma, aka katse intanet ta salula har kusan kwana goma. Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka sake dawowa, juyin mulki na biyar tun samun 'yancin kai.

Idan kun bi sunayen nan za ku ga mutum biyar ko shida ne ke musayar kujera, abokin bana shi ne mugun baɗi. A kowane zagaye na biyu, shugabannin jam'iyyu kan tafi da sharuɗɗansu a rubuce: wa zai samu majalisa, wa zai samu ministoci nawa. Mai ƙuri'a na Kornaka ko Azagor shi kaɗai ne ke zuwa babu sharaɗi. An ce masa wancan ya fi muni, ya dangwala, ya karɓi ɗan sabulu ko atamfa, ya koma gona sai bayan shekara biyar.

WUTAR AGADAS DA BINDIGOGIN DA SUKA DAWO

Ƙasarmu ta taɓa gwada raba jama'a da makamai da gaske. Bayan ɓarkewar tawayen arewa na farko, an kafa hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI a 1994, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da har yanzu muke hutu don tunawa da ita. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi fiye da 1,200 a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Dokar ƙasa kuma a bayyane take: farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin hukuma, makamin yaƙi na jami'an tsaro ne.

Amma bindiga na da tsawon rai fiye da yarjejeniya. Tawayen MNJ ya ɓarke a 2007, har nakiya ta tashi a cikin birnin Maraɗi a Disamba na wannan shekara. A 2011 gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makaman Libiya suka buɗe, kaya suka riƙa gangarowa kudu ta hanyoyin da fatake suka sani tun da. Wani kaso ya ƙare a dazukan Zamfara, Katsina da Sakkwato.

Abin da ya faru a can ya kamata mu yi masa karatun ta-natsu, don su 'yan uwanmu ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Rikicin ya faro da satar shanu da cinye burtali da alƙalan da ba su yi adalci ba. Jama'ar ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai don kare kansu, kuma da farko kowa ya ce gara su da babu. Sai 'yan sa-kai suka fara kama Fulani a kasuwa suna kashewa ba tare da shari'a ba, mai laifi da marar laifi. Waɗanda aka kashe ma iyaye suka shiga daji suka sayi bindigogin da suka fi na 'yan sa-kai. Daga nan aka koma ƙona gari sukutum da satar mutane don kuɗin fansa. A 2021 gwamnan Katsina Aminu Masari ya fito ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A Yuni 2022 gwamnan Zamfara Bello Matawalle ya ce a ba mutane lasisin bindiga, babban hafsan tsaron Najeriya ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Har yau ba a daina biyan fansa ba.

Wutar ta tsallako mana. A 2019 dubun-dubatar 'yan gudun hijira suka shigo ƙasar Gidan Runji da Madarunfa, kuma ƙauyukan da ke kewayen dajin Baban Rafi sun san satar mutane da kora dabbobi da dare. A yammacin ƙasa kuma an ga wani darasin. Inda jama'a suka fara shirin tsaron kai, 'yan ta'adda sun mayar da martani a kan gari gaba ɗaya: fiye da mutum 100 a Combangu da Zarumdarai a Janairu 2021, mutum 137 a yankin Tiliya ta jahar Tawa a Maris 2021. A Nuwamba na wannan shekara magajin garin Banibangu ya jagoranci 'yan sintirinsa zuwa daji, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi.

Ba mu raina hujjar mai neman bindiga ba. Mutumin da aka kore ma shanu talatin cikin dare, ya kira jandarmomi ba su iso ba sai da hantsi, ba wanda zai gaya masa ya yi haƙuri ya ji daɗin maganar. Kare rai da iyali haƙƙi ne a addini da al'ada. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin wannan ciniki da na ƙuri'a. Shugaban da aka zaɓa bisa kuskure ana iya sauke shi a zaɓe na gaba. Bindigar da ta shiga gari ba ta da wa'adi. Wadda aka saya don ɓarawo ita za a ɗauko ranar rikicin rijiya, ranar rabon gado, ranar da shanu suka shiga gona kafin a saki.

ABIN DA AKE BIYA DA SHI

Duk lokacin da bindiga ta yi yawa, abu na farko da ke raguwa shi ne 'yancin talaka. A 2007 an sa jahar Agadas cikin dokar ko-ta-kwana, aka tsare ɗan jarida Musa Kaka fiye da shekara ɗaya. A Fabrairu 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci a Difa, aka hana hawan babur da cinikin kifi da tattasai, sana'o'in da jama'ar yankin ke ci da su. A 2020 aka hana babur a sassan Tilaberi. Ku ƙiyasta a ce an hana babur a Dakoro ranar kasuwa, ko mai naƙuda na Tagiris na neman a kai ta likita. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta sa an kama mutane kan abin da suka rubuta ko suka faɗa a waya. An sassauta ta a 2022, aka maido da hukuncin ɗauri a Yuni 2024. Gwamnatin farar hula da ta soja duk sun yi amfani da irin waɗannan dokoki, kowace da hujjar tsaro.

Alhali tarihi ya nuna mana abin da 'yancin magana da na taro ke iya yi. A farkon 2005 gwamnatin Tanja ta ɗora harajin kashi 19 a kan kayan masarufi irin su madara, fulawa, ruwa da lantarki. Ƙungiyoyin farar hula, da Nuhu Arzika a gaba, suka kira zanga-zanga da zaman gida, kasuwanni suka rufe a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. An kama jagororin, amma cikin 'yan makonni aka sake su, gwamnati ta janye harajin daga mafi yawan kayan. Ba da bindiga aka ci wannan nasara ba, kuma ba a jira zaɓe ba. Mutanen da suka zaɓi Tanja wata uku kafin nan suna cikin waɗanda suka rufe shagunansu. Wannan shi ne zaɓen mai dama-dama da ke da amfani: ka ba shi ƙuri'a, ka kuma tsaya a kansa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Wani zai ce, ina amfanin wannan magana yanzu da babu zaɓe? Gaskiya ne. An rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024, an rushe jam'iyyu a Maris 2025, kuma an rantsar da Janar Abdurahaman Tiani na wa'adin shekara biyar. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Akwatin zaɓe ya tafi a 1974 ya dawo, ya tafi a 1996, 1999 da 2010 ya dawo. Ranar da zai sake dawowa, za a zo mana da tsohuwar magana cewa wancan ya fi muni, kuma ba mamaki wani ya zo da alkawarin raba bindiga don ya samu ƙuri'ar masu jin tsoro.

Kafin wannan rana akwai abubuwan da za mu iya nema daga duk wanda ke riƙe da hukuma, mai kaki ko mai babbar riga. A ƙara jami'an tsaro a inda ake buƙata, da motoci da mai, yadda kiran dare zai samu amsa cikin dare. Idan za a yi 'yan sintiri, su kasance a rubuce, a ƙarƙashin hukuma, a haɗa Bahaushe da Bafulatani da Buzu a ciki, kuma wanda suka kama su miƙa shi ga jandarma, kada su yanke masa hukunci. A ba Kofo abin aiki, a maido da burtalan da aka cinye, a sanar da ranar sakin gonaki da wuri kowa ya ji. Wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin lokacin da doka ta tsara. Wanda ya faɗi cewa an kai hari garinsu kada a ɗauke shi maƙiyin ƙasa, don hukumar da ba a gaya mata gaskiya ba ta san inda za ta tura soja ba.

Mu ma akwai namu. Kada mu tura muryar da ba mu san tushenta ba a WhatsApp, musamman wadda ke ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila gaba ɗaya. Toda ba ta da nisa da mu, kuma da magana ta fara. Ranar da 'yan takara suka dawo neman ƙuri'a, mu zaunar da su a gaban maigari da limami da matasa da mata, su faɗi abin da za su yi kan tsaro da burtali da shari'a, a rubuta, a ɗauka a waya, a ajiye. Bayan shekara ɗaya a ciro a karanta musu.

Dattawan da suka ga zamanin Sawaba da na Kunce suna nan da ransu a unguwanninmu, haka ma waɗanda suka zauna sulhun burtali bayan 1993. Ku je ku tambaye su, ku rubuto mana abin da suka gaya muku a ƙarƙashin wannan rubutu, cikin ladabi da mutunta juna. Allah ya zaunar da Dakoro da jahar Maraɗi da Nijar baki ɗaya lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun ɓarayi. Amin.